Yadda Na Nema wa Surukina Kejin Ƙwallo a Landan

Da sunan Allah na fara. Ni ban yi boko ba, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba. Ni ke faɗa, Malama Asabe maƙwabciyata ke rubutawa. In ta cika shafi sai ta karanta mini, abin da ta ƙara na sa ta goge. Matan unguwa sun dame ni da tambayar abin da na yi a Landan har kwana arba'in da biyar, to ga shi a takarda, kowa ya huta.

Bichi zuwa Kano

Mun tashi ranar Talata, ƙarfe biyar saura kwata na asuba, bisa agogon da na sayo a Makka. Takarda ba na karanta ta, amma agogo ba ya ɓoye mini komai. Shekarun nan ne da kuɗin mai ya shigo, kowane malamin makaranta ya sayi babur, hanya ta cika da waɗanda suka koyi tuƙi jiya. Na gaya wa direban motar hayar tun a tasha cewa in ya wuce wata mota a kwana zan sauka.

Dalilin tafiyar, autata Rakiya ce ta haihu a can, haihuwar fari, namiji. Tunda ba ta zo gida goyon ciki ba, ni na bi ta da kayan jego: gero, kanwa, daddawa, kuka, yaji, kilishi, da busasshen ganyen darbejiya ƙunshi huɗu.

A Dawanau ɗan sanda ya leƙo ta taga.

"Baba, sai ina da kaya haka?"

"Ingila."

"Me za ki yi a Ingila?"

"Wanka."

Ya dubi direba, direba ya dubi gabansa. Ya ɗaga mana itacen da ya tare hanya da shi. Mil ashirin da biyar ne, mun iso filin jirgi ƙarfe shida da minti goma.

Kano zuwa Landan

Jirgi ya tashi goma da minti ashirin, ya yi awa shida da 'yan mintoci a sama. Sun kawo abinci a faranti mai ɗakuna, ɗaki guda ɗanyen ganye ne zalla, irin wanda muke ba zomo. Na mayar musu, na ci kilishina.

A wurin binciken kaya wani Bature ya buɗe kwanon daddawa ya kai hanci. Ya ja baya taku biyu, ya rufe da kansa, ya yi mini nuni da hannu in wuce. Sauran kayan ko taɓawa bai yi ba.

Ina fitowa na hangi surukina, mijin Rakiya. Nan tsakiyar filin jirgin ya tuɓe takalmi ya durƙusa, kansa a ƙasa, Turawa na kewaye shi da amalanken kaya. Na ji daɗin wannan. Shekara uku da ɗaura auren bai taɓa duban fuskata ba, ni ma ban taɓa kiran sunansa ba. A gida Ɗan Amirka muke ce masa, don can ya yi shekara huɗu yana karatun noma kafin a turo shi Landan ƙaro ilimi.

Ya zo da mai mota, wani dattijo Isaka, Bahaushen zangon Kumasi, wanda ya shekara goma sha biyar yana haya a garin.

"Hajiya, ka zo lafiya? Ka shiga baya ka miƙe ƙafa."

"Ni kake ce wa ka?"

"Mu a wurinmu kowa ka ne, Hajiya. Uwata ma ka ne."

Na bar shi. Tun daga ranar, duk maganar da zan yi wa surukina, Isaka nake gaya wa, ko da kuwa mu uku ne a cikin motar.

Peckham

Gidan nasu na council ne, wato hukumar gari, 'yan ɗakuna da suke ce wa flat a hawa na tara na wani dogon bene. Babu tsakar gida, babu murhu, babu inda za ka shanya ko tsumma. Ruwan zafi sai an jefa kwabo a wani akwati. Na jiƙa darbejiya a kwamin wankansu na yi wa Rakiya wanka safe da yamma yadda aka yi mini. Ranar da na daka gero a ɗan turmin da na samo a kasuwar Rye Lane, matar da ke ƙasanmu ta hau bugun rufinta da tsintsiya. Na ɗauka taya ni take, na ƙara ƙarfi.

Kwana goma da zuwana, ina shara na ga wani kulki a bayan ƙofa, sumul, mai ƙaton kai.

"Rakiya, mijinki da wa yake faɗa?"

"Inna, ba na faɗa ba ne. Na wasa ne. Besbol."

Ta yi mini bayani. Wasan Amirkawa ne, a jefo maka ƙwallo mai tauri kamar goriba, ka make ta da kulki. Hukumar wasanni ta jiharmu ta riga ta sayo kayan wasan daga Amirka, suna cikin jirgin ruwa a Ikko, amma duk jihar babu wanda ya san yadda ake riƙe kulkin. Surukina ya rubuta musu cewa ya buga a makarantarsa. Suka ce wani Alhaji, babba a hukumar, zai biyo ta Landan nan da mako uku, ya nemi wuri ya nuna masa. In Alhajin ya gamsu, aiki da gida a Kano, su koma tare da ni. In bai gamsu ba, kwalejin da ya gama a Landan ta ce ya zauna shekara uku yana auna musu ƙasa a kwalba.

Na dubi jaririn, na dubi tagar da ko kaza ba a hangowa ta cikinta. Shekara uku. Yaro zai yi baki bai taɓa taka ƙasa da ƙafa ba.

"Yaushe rabonsa da wasan?"

"Shekara huɗu. Wurin da zai gwada hannu yake nema, wanda ake kewayewa da raga kamar keji. Garin nan ba su san wasan ba."

"Da ni za a je neman."

"Inna, ba sai kin je ba."

"Mutumin da ya zaɓi gida a hawa na tara ba zan bar shi ya zaɓi komai shi kaɗai ba."

Edmonton

Ranar Asabar ƙarfe tara muka fita, mil goma sha biyu in ji Isaka. Mun haye kogi ta gada, muka yi awa guda da kwata saboda cunkoso. Surukina ya kama mana wuri ta waya, ya ce musu yana neman inda ake bugun ƙwallo da sanda a cikin raga, suka ce ya zo.

Wurin yana da tsabta, ciyawa kamar an yi mata aski. Wani tsohon Bature cikin fararen kaya ya tare mu. Da ya ga kulkin sai ya riƙe baki, ya shiga ya fito da nasu, mai faɗi kamar allo. Ashe wasan Ingilishi ne, kurket, suke yi a nan. Isaka ya ce duk garin in ka ce sanda da ƙwallo, nan za a turo ka.

Tsohon ya ce tunda mun zo, a gwada. Awa guda kwabo hamsin na kuɗinsu. Na sa aka kai mini kujera can ƙarshen ragar, bayan mai jifa, inda zan fuskanci surukina sosai, don ban zo Ingila kallon ƙeyarsa ba.

Tsohon ya ja da baya, ya rugo da gudu, ya doka ƙwallon da ƙasa, ta yi tsalle ta taso. Kau! Surukina ya make ta. Cikin goma sha biyu ya sami takwas. Tsohon har da tafi. Sai surukina ya roƙe shi ya jefo ta sama ba tare da ta taɓa ƙasa ba, yadda Amirkawa ke yi. Goma aka jefa, goma suka wuce shi. Yana ta kai wa iska duka.

"Isaka, tambaye shi ko ba za a sake wasan ba, a yi wannan na ƙasa."

Surukina ya durƙusa ya amsa wa Isaka cewa kayan da ke cikin jirgin ruwa na besbol ne, ba a mayarwa.

Na ce wurin bai yi ba. Ciyawar ta yi santsi.

Thamesmead

Wata Lahadi ta zagayo, saura kwana goma sha biyar. Wani ɗan jarida ɗan Katsina ya ba mu labarin waɗansu da ke taruwa a fili kusa da kogi. Mil goma, minti arba'in. Unguwar duk siminti ce, gida kan gida, gada kan gada, kamar an zuba ta ba a gama ba. Iska kuwa sai da na ɗaure mayafina a haɓa.

Nan dai besbol ɗin ne na gaskiya. Mutum tara ne, da kare. Ragar tasu ta yage wuri uku, an ɗinke da igiyar shanya. Mai jifan dogo ne, gashi har kafaɗa, sai da ya yi magana na tabbatar namiji ne. Na sa Isaka ya ajiye mini kujerar da muka taho da ita a bayan mai jifan, daga gefe kaɗan.

Ashirin ya jefa. Ko ɗaya surukina bai taɓa ba. Ta ashirin da ɗaya ce ta taɓa shi, a cinya. Karen ne kaɗai ya ji daɗin ranar, don shi ke ɗauko ƙwallayen.

"Isaka, gaya masa makaho ma da ya sami ɗaya bisa kuskure."

Isaka ya ɗaga murya. "Hajiya ya ce Allah ya ba da sa'a!"

"Ba haka na ce ba."

"Na fassara ne, Hajiya."

"Daga Hausa zuwa me?"

A hanya muka tsaya aka sayo kifi da dankali a naɗe cikin jarida, ba gishirin kirki, ba yaji. Na zaro yajin jego daga jakata na gyara nawa da na Isaka. Surukina ya ɗauki nasa ya zagaya bayan mota ya ci a tsaye cikin yayyafi, don ba ya cin abinci a gabana. Na ce a raina, ladabi dai akwai, wasan ne babu.

Da muka koma na tarar da Rakiya ta fito da akwatuna ta fara jera kayan jariri. Na ce ta dakata tukuna. Ta dubi mijinta yana ɗingishi, ta mayar da akwatunan ƙarƙashin gado. Kunun ranar ko rabi ba ta sha ba.

Croydon

Saura kwana takwas mai gashin nan ya aiko da kwatancen wani wuri a bayan Croydon. Mil tara, amma mun ɓata sau biyu, don Isaka ba ya tambayar hanya. Mun isa sha biyu da rabi.

Tsohon sito ne na ajiye kujeru. Mai wurin, Mista Bil, baƙin Ba'amirke ne, tsohon soja, ya auri Baturiya ya zauna. Faɗinsa ya kai ƙofa. Na duba wurin yadda ya kamata. Na ja ragar da hannu, ba ta motsa ba. Na dubi rufi, ba ya yoyo. Akwai famfo, akwai ɗan ofis na katako a bayan inda mai bugu ke tsayawa. Keji biyu ne, kuma ba mutum ke jifa ba, inji ne mai hannun ƙarfe guda. Sai ya yi gurnani, ya sunkuya ya ɗebo ƙwallo kamar jigo, ya wurgo. Fam guda awa ɗaya.

Na nuna gefen injin, inda aka kafa wata garkuwar waya. Mista Bil ya yi wata magana, Isaka ya ce wai ba a zama a nan. Na ce ni zan zauna. Aka kawo kujera.

Inji ya yi gurnani ya jefa. Iska. Ya sake. Iska. Mista Bil ya gyara masa ƙafa, ya gyara masa kafaɗa, ya koma yana sosa kai. Ya ce wa Isaka tsayuwar ta wanda ya iya ce, riƙon na wanda ya iya ne, shi bai gane ba.

Ɗaya da rabi ta yi, na tashi na yi alwala a famfo, na shiga ofishin na shimfiɗa mayafi. Na kabbara ke nan sai na ji kau! Kamar an fasa itace da gatari. Kau! Allah ya yafe mini, a raka'a ta uku na ƙirga har shida.

Na sallame na fito.

"Isaka, wa ke bugun nan?"

"Surukinka ne, Hajiya."

Na koma kujerata na gyara zama. Inji ya jefa. Iska. Biyar a jere.

Na tashi kamar na manta tasbaha, na shiga ofis na ja ƙofa. Kau! Kau! Na fito na zauna. Iska. Na sake tashi kamar zan zubar da yawu. Kau!

Da na dawo karo na uku sai na bar kallon kulkin, na dubi fuskarsa. Idonsa na kan babban yatsan ƙafarsa. Inji na gurnani a daidai gwiwata, ƙwallon na fitowa ta gefen kafaɗata, kuma kafin ya ga ƙwallon sai ya ga ni. Shi kuwa ko za ta fasa masa kai ba zai ɗago ido ya dubi inda surukarsa ke zaune ba. Nan na tuna Edmonton. Ƙwallon tsohon nan ƙasa take fara bugu, inda idonsa yake.

Mako biyu ina zagin ciyawa da iska da raga.

"Isaka."

"Na'am, Hajiya."

"Gaya masa wurin nan ya yi, shi na zaɓa. Gaya masa kuma ƙarar injin nan na sa mini ciwon kai. Daga yau a ofis zan riƙa zama."

Wannan karon Isaka bai fassara ba, yadda na faɗa haka ya faɗa. Surukina ya ajiye kulki ya durƙusa, ya daɗe bai tashi ba.

Da yamma ina gasa wa Rakiya jiki na ba ta labari, a matsayin abin da na gano da basirata. Ta yi dariya har jariri ya farka.

"Inna, ai tun ranar Edmonton ya gaya mini. Baba Isaka ma ya sani."

"To me ya hana ku faɗa?"

"Wa zai faɗa miki?"

Na ƙara wa ruwan zafi.

Ranar Alhaji

Kwana bakwai muna zuwa kullum, ni a ofis da shayin Mista Bil, shi a keji. Ranar Litinin ƙarfe goma sha ɗaya Alhajin ya iso cikin baƙar mota, babbar riga fara ƙal, hula ƙube, ya kai sa'ar mahaifin surukina. Aka gaisa. Ya shiga siton yana dube-dube, sai na ga ya nufi kujerar nan ta gefen inji, yana tattara riga zai zauna.

Yaron da bai dubi surukarsa ba, ba zai dubi mai furfura da ya zo ba shi aiki ba.

Na sha gabansa.

"Ranka ya daɗe, nan za ka zauna?"

"I, Hajiya, don in gan shi da kyau."

Na nuna masa bangon kwano da ke bayan kujerar. Duk ya lotsa, rami kusa da rami, wani daidai tsayin hula.

"Ka ga waɗannan? Aikin surukina ne na mako guda. Ni dai na gaya maka."

Ya dubi ramukan, ya dubi 'yar garkuwar wayar, ya taɓa hularsa.

"Ina ke kike zama?"

"Ofis. Akwai taga ta bayansa, akwai shayi, akwai kilishin Kano."

Ya biyo ni. Ya tsaya a taga da kilishi a hannu. Ni na juya wa tagar baya na fuskanci bango, don idon da ya yi ɓarnar mako biyu ban yarda da shi ba ko ta ƙeya. Na riƙe tasbaha, kowane kau na ja ɗaya. Inji ya yi gurnani sau ashirin, na ja goma sha bakwai.

"Kai! Kai!" in ji Alhaji. "Hajiya, zo ki gani mana!"

"Ina ji."

Kafin ya shiga mota ya ce wa surukina ya same shi a ofis a Kano farkon wata. Ya kuma tambayi Mista Bil ko zai sayar da injin, da ragar, da kujerar. Mista Bil ya ce kujerar ta Hajiya ce.

Landan zuwa gida

Rakiya ta yi arba'in, muka ɗaure kaya. Na bar wa matar ƙasanmu turmin, na bar wa Isaka sauran yaji. A filin jirgi ya ce, "Hajiya, ka sauka lafiya. Yanzu wa zai riƙa kai saƙonka?" Na ce jikana zai yi baki.

Mun tashi ƙarfe goma sha ɗaya na safe, mun sauka Kano biyar da rabi, mun shiga Bichi ana kiran isha'i. Washegari da hantsi na kwance wa jaririn safa, na dangwala ƙafarsa a ƙasar tsakar gidana. Ya yi kuka, na ce ka saba.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni da mutum uku. Na gode wa Isaka duk da fassararsa, da Mista Bil da shayinsa mara sukari, da Malama Asabe da ta haƙura da gogewa.

Kayan wasan sun yi wata bakwai kafin su fito daga Ikko. Yanzu surukina na koyar da 'yan makaranta a wani fili a Kano, an kafa masa kejinsa. Sau uku yana aiko Rakiya wai in zo in gani, an tanadar mini kujera a gaba. Ban je ba, ba kuma zan je ba, yaran mutane ne a wurin kuma ƙwallon tana da tauri. Masu tambayata ko da gaske ya iya, amsata ɗaya ce. Har yau ban taɓa ganin ya bugi ƙwallon sama ko sau ɗaya ba. Amma goma sha bakwai cikin ashirin, da kunnena na ji.